Likitan Talata

Yayata tela ce, kuma duk layinmu an san ba ta taɓa gama ɗinki ranar da ta yi alkawari ba. In ta ce miki "saura hannu kawai", to yadinki na nan a naɗe cikin leda, ko almakashi bai gan shi ba.

Da likita ya ce ciwon daji ne, sai an cire nonon hagu, Yaya ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi: za a mayar mata da wani? Ta sha ɗinka wa mata rigar nonon nan mai aljihu da ake cusa wa auduga, ta kuma ga yadda suke kau da kai daga madubin shagonta in sun zo gwaji. Wannan take tsoro fiye da wuƙar. Likita ya ce ana yi, a tiyata ɗaya ma, za ta farka da ƙirjinta a cike. Aka sa mata Talata.

Sai a lokacin tsoron Allah ya kama Yaya. Akwai kayan bikin wata mata a hannunta, ta ce ba za ta shiga ɗakin tiyata da amanar mutane a wuyanta ba, wa ya sani ko za ta fito.

Na ce, "Yaya, shekara da shekaru kina saɓa alkawari, sai yau?"

Ta ce in rufe mata baki. Ta buga wa nas mai tsara ranaku waya, ta roƙi a mayar da ita Alhamis.

"Ba damuwa, duk ɗaya ne," in ji nas.

Ashe ba ɗaya ba ne. Likitan da ke gyaran ƙirji shi kaɗai ne, asibitoci da yawa ke rabonsa, namu kuwa Talata ya samu. 'Yan Talata su tashi da nono, 'yan Alhamis su tashi da bandeji. Ba wanda ya ɓoye mana, kawai dai ba wanda ya ga dalilin faɗa.

Yaya ta gama kayan tsaf, har da guga. Ranar Alhamis ina gefen gadonta ta farka, ta kai hannu ƙirji tun ba ta gama buɗe ido ba. Har yau in na tuna yadda hannun nan ya tsaya cak, raina ɓaci yake yi.

Aka ce za a yi mata daga baya, aka sa ta a layi. Sai dai likitan Talata da sababbi yake farawa, sababbi kuma ba sa ƙarewa. Gashin Yaya ya zube saboda maganin dajin, ya sake tsirowa muna ta zirga-zirga. Bikin kuwa an ɗage shi, kayan na nan rataye a shago suna shan ƙura.

Zuwanmu na ƙarshe nas ta tarbe mu da fara'a.

"Kai, Anti, an kusa fa! Saura kaɗan. Ki leƙo wata mai zuwa."

Yaya ta ƙura mata ido, sannan ta yi murmushi ta yi godiya. Ba mu nufi gida ba, shago ta ce mu wuce. Ta zauna gaban keke, ta jawo ƙyalle mai laushi da auduga, ta miƙo mini tef ɗin awo.

Na ce, "Yaya, ba ta ce an kusa ba?"

"Ni za a gaya wa an kusa?" ta ce. "Ko zare ba su saka ba. Zo ki auna mini na daman, in yi masa ɗan'uwa."