Haƙorin Mai Lamba 1e3

Asibitin haƙori ya ɗauki wata Injiniya aikin gwaji, aka ce tabbatarwarta na rataye da abu guda. Allon kiran layi da ke saman ƙofar likita gurbi uku gare shi, lambar tikiti kuwa ta kusa dubu.

"A sayi sabon allo mana, ranka ya daɗe," in ji ta.

Manaja ya ce a'a. Ta ce to a sake fara ƙirga daga ɗaya.

"A ce asibitinmu ya koma baya? Ba dai kin yi karatu ba? Matse ta ta shiga."

Ta matse ta. Ta umarci manhajar da ke ba da lambar ta rubuta duk lambar da ta wuce gurbi uku irin rubutun masana kimiyya: dubu ta zama 1e3, wato ɗaya da sifili uku a bayanta. Ta ga ya yi kyau har ta tafa wa kanta.

Washegari na'urar tikiti ta ba mutum na dubu da ɗaya 1e3, don ragowar ba ta da gurbi, na bayansa ma 1e3, haka har kujeru suka cika. Da allon ya yi ƙara, ɗakin duka ya miƙe, kowa dafe da kunci.

"Malam, ni aka kira!"

"Kai ɗin wa? Duba nawa, Baba!"

Wani tsohon alƙali mai kumburarren kumatu ya ɗaga hannu. Ya ce tunda lamba ɗaya ce, majinyaci ma ɗaya ne. A zaɓi wakili. Aka bubbuɗe baki aka duba, aka zaɓi wani direba da ya rako matarsa, don shi ne ya fi kowa haƙora, ba zai ji asara ba. Likita ya cire masa lafiyayyen turmi, ya danna "an gama". Layi ya goge kaf. Jama'a suka watse suna nishi, suna yi wa juna barka.

Manaja ya fito bakinsa har kunne. Bai taɓa ganin layi ya ƙare kafin hantsi ba. Nan take ya tabbatar da Injiniya, ya miƙa mata makullin ofis.

Tana karɓa, haƙorinta na can ciki ya soma zugi. Ta lallaɓa ta zari tikiti, shi ma 1e3. Likita ya dubi lambar, ya dube ta.

"Ai an riga an cire miki, 'yata. Ki riƙa kurkurewa da ruwan gishiri."