Babban Yatsan Kalilu

Duk direban da ke ɗaukar hatsi a kasuwar Mai'adua ya san Kalilu mai lodi. Buhu bai taɓa yi masa gardama ba. Sau ɗaya zai dubi tsibin gero da wake ya san inda kowanne zai kwanta, har direbobi na tsokanarsa wai ko iska sai ta nemi izini kafin ta ratsa tsakanin buhunansa. To, wannan Kalilun ne hawan jini ya kayar a daminar bana, ya farka ɓarin damansa ba nasa ba.

Ƙafar ta dawo a hankali. Hannun ne ya ƙi. A asibiti a Daura aka ce ya riƙa ba yatsun aiki, sai matarsa Shatu ta shiga shagon Chinonso ta sayo masa gem ɗin nan na roba da yara ke dannawa. Ya ji haushi ƙwarai, ya ce ita ma ta mayar da shi yaro, ya cusa abin a ƙarƙashin matashi. Da zama ya ishe shi, da kansa ya zaro.

Ashe lodi ne. Bulo ke saukowa daga sama ɗaya bayan ɗaya, wani dunƙulalle, wani mai ƙugiya, wani karkatacce, sai wata doguwa siririya da ya raɗa wa suna sanda. Madannan hagu su tura bulon nan ko can, ko su jefo shi ƙasa da sauri. Babban madanni ɗaya tal da ke dama shi ke juya shi. In layi ya cika ba rami, sai ya ɓace, na sama su sauko. In tsibin ya taɓa sama an gama, gem ya saki wani ɗan kuka da Kalilu ya tsana har ransa.

Abin da ya fi ci masa rai, idonsa garau yake. Kafin bulo ya kai rabin hanya ya ga gurbinsa, hannun hagu ya kai shi saitin wurin ba wahala. Saura juyi, aikin babban yatsan dama. Sai ya zuba wa yatsan ido yana roƙonsa a zuci, yatsan na kwance a kan madannin kamar ba da shi ake ba. Wani lokaci ya amsa, amma a makare. Layin da ya yi kyau ya tafi abinsa, ɓarnar ce ke zama tana kallonsa.

Shatu ta ce ya riƙa tsallakowa da yatsan hagu ya juya mana, ai ba wanda zai sani. Ya ce mata buhu zai sani.

Ga kuma tsohuwar ɗabi'a. A mota ba ya cika gefen dama sai ƙarshe, don ba a rasa wanda zai iso a guje da katako ko kwanon rufi. Haka ya riƙa yi a gem: ya bar dogon rami a gefe yana jiran sanda. Ita kuwa sandar a kwance take fitowa, sai an tayar da ita tsaye take shiga.

Kaka ta matso, sabon gero ya fara shigowa. Dabo, direban da ya daɗe yana yi wa lodi, ya aiko zai zo duba shi. Kalilu ya san ba dubiya ce kaɗai ba. Tun kwanciyarsa wani mai lodi, Harisu, ke riƙe masa wuri, kuma mota ba ta jiran kowa in hatsi ya shigo. Ya ƙulla a ransa: in sandar ta shiga rami a gaban Dabo, zai ce a ƙara jiransa.

Bayan la'asar Dabo ya iso da ledar lemo, suka gaisa a zaure, ya yi ta yaba yadda jiki ya yi kyau. Kalilu ya ɗauko gem, ya ce zo ka ga aiki. Ya jera, ya jera, tsibin na hawa, ramin gefe na zurfafa. Gumi ya keto masa. Can sai ga sandar, a kwance. Ya kai ta gefe da hannun hagu. Ya tattara duk ƙarfin da ke jikinsa ya aika wa yatsan. Yatsan ya yi rawa, bai danna ba. Sandar ta sauka a kan bakin ramin ta rufe shi ruf. Sai a lokacin yatsan ya danna, ya juya bulon da ba ya bukatar juyi. Kukan nan ya biyo baya.

"Ai da sauƙi," in ji Dabo. "Na ga ya motsa, wallahi."

Kalilu ya ajiye gem a kan tabarma. Ya dubi Dabo ya ce:

"Ka bar wa Harisu motar. Amma ka gaya masa, kar ya cika gefen dama sai ƙarshe."

Dabo ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota.

"Yana barin gefen," ya ce. "Tun shigowar sabon gero yake bari."