Tukunya Mai Cin Kwalba Ashirin

Kyautar ganin ido ita ce laifin Ishaya, kuma ina tsaye ƙofar gidana ranar da anka sauke ta. Maza biyu sunka kinkimo ta daga bayan mota: tukunyar ƙarfe mai murfin kulle, irin wadda ake kira kokot, amma girmanta kamar ta gidan biki.

Uwarsa, Madam Debora, maƙwabciyata ce shekara talatin a nan Tawa. Katanga ɗaya ta raba mu. Daga kudu aikin lakwal ya kawo ta, ta karantar da yara har ta aje aiki. Ita majami'a take zuwa, ni Raƙiya masallaci, amma gishirinmu ɗaya. Kowace shekara, in tomatin lambu ya yi arha, sai ta sayi kwando, mu niƙa, ta ɗura a kwalabe, ta dafa su cikin ƙaramar kokot ɗinta har ta yi fito. Kwalba huɗu take ci. Rabin abin da ta haɗa Yamai yake tafiya, gidan Ishaya, don jikoki.

Bana robar murfin ta tsage, tukunya ta daina riƙe huci. Ina zaune ta kira Ishaya a waya.

"Roba ɗai nika so, ɗana. Ka aiko ko da direba na."

Sai ga shi da kansa, da wannan dutse.

"Mama, wagga kwalba ashirin taka ci," in ji shi, yana ɗaga murya don layi ya ji. "Aikin sati, rana guda kin gama."

Ta zagaya tukunyar, ta kama kunne ɗaya. Ko motsi.

"Ina robar?"

"Wace roba kuma? Ki yada waccan tsohuwa."

Na ce, "Ishaya, daidai ruwa daidai tsaki. Ka dubi hannun uwarka, ka dubi gaz ɗinta."

Ya yi dariya. "Inna Raƙiya, ku tsohi ba ku son ci gaba."

Ya ɗauki hoton uwar kusa da tukunya, ya ci abinci, kafin la'asar ya kama hanya.

Na ce mata ta bari mu nemi roba a kasuwa. Munka aika, babu irin tata a garin. Tomati kuma ba ya jiran kowa. Kwanduna biyu daga Bambeye sun fara laushi a zaure.

"Sai ki hwaɗi mishi gaskiya," na ce.

"In ce mi? Kyautarka ta hi ƙarhina? Ya yi ta murna, Raƙiya." Ta murza gwiwarta. "Na gaji wallahi. Bari in yi sau guda, in huta."

Kwana biyu muna niƙa muna ɗurawa. Rana ta uku da hantsi munka ɗora tukunyar bisa ƙaramin gaz, mu biyu, muna nishi, sannan ta jera kwalabe ta zuba ruwa. Wutar kamar fitila ƙarƙashin rumbu. Azahar ta yi, tukunya ba ta yi fito ba.

"In na yi salla mu mai da ta murhun icce," na ce. "Kada ki taɓa."

Ina raka'a ta uku na ji ƙarar. Ba ta jira ni ba. Ta ga gaz na ƙarewa, ta ja tukunyar ita kaɗai, nauyi ya rinjaye ta. Na iske ta kwance gefe ɗaya, tukunya a kife, murfi kulle.

"Kwalabe nawa sunka hwashe?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

Ƙashin kwatangwalo ne ya karye. Anka kai ta likita, anka maido ta, ba ta ƙara takawa ba. Kwana arba'in ina juya ta, ina ba ta kunu. Tsohon jiki ba ya son shimfiɗa. Ƙirji ya cika, numfashi ya gajarce. Ishaya yana kira a waya, tana cewa, "Da sauƙi, ɗana. Tukunya na da kyau."

Ranar Talata da safe ta cika, hannunta cikin nawa.

Bayan anka dawo daga maƙabarta, ƴan majami'arsu sunka watse, Ishaya ya shigo tsakar gida. Sai sannan anka buɗe tukunyar, wari ya kore mu baya. Na lissafa masa asarar, ban rage komi ba, don da na sani ƙeya ce. Kwalba bakwai sun fashe. Sha uku sun kumbura, sun yi kumfa. Kwando biyu na tomati, ko miyar kwana ɗaya ba ta fito ba. Jikoki ba za su ƙara ganin kwalba daga Tawa ba. Sai uwa, guda ɗaya, ita ma ta tafi.

Ishaya ya juya. Ya shiga madafa, ya fito da ƙaramar kokot, ya zauna bakin ƙofa da ita bisa cinyarsa. Ya daɗe yana bin bakin murfin da ɗan yatsa, wurin da roba take zama.