Famfon da Aka Ɗinka wa Rigar Wani

Famfon garinmu, arewa da Issawane, ya tsaya tun da aka sauya masa ɗan katin da ke sarrafa shi. Ga rana tana dukan farantin sola, ga ruwa a ƙasa, amma shanu na kuka bakin kwamin shan ruwa busasshe. Kawu Danda, shugaban kwamitin ruwa, sai cewa yake, "A yi haƙuri, ma'aikata na tafe." Haƙurin nan ne ke cinye mu! Makiyaya har sun fara ɗaure kaya za su yi kudu.

Na kira Kausar, ɗiyar gwaggona da ta karanci ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi. Ta zo a kan moto, ta zauna gindin aduwa, ta jona katin da ordinatar ɗinta.

"Yaya, wanda ya haɗa maku wannan bai kai awo ba," in ji ta.

"Wane awo?"

"Katin nan ƙarami ne, bai iya gina umarninsa da kansa. A babbar ordinatar ake gina masa, da wani abu da ake ce ma kompilatar. Kamar tela ne mai ɗinka ma wanda bai taɓa gani ba. Awon yana cikin wasu fishiyoyi, wato fayil-fayil, da ake ce ma antet, masu faɗin girman kowace lamba da mazauninta. An bar kompilatar ya ɗauki antet na ordinatar da yake ciki."

"Kuma kompilatar ɗin bai yi magana ba?"

Ta yi dariya. "Antet na tsarin gida, manya ne a wurinsa. Ko ya ga abin zargi, bai faɗi."

Na juya wajen Kawu Danda, da ke tsaye gefe. "Kawu, ka ji? Har inji ya koyi kunyarku."

"Ɗan nema," in ji Kawu Danda, amma ya matso.

Kausar ta nuna wa kompilatar inda antet na katin suke, ta hana shi leƙa na gidansa. Rubutu ya yi ta zuba. Na tsaya ina kallo: inji yana tsara magana cikin harshen wani injin da bai taɓa haɗuwa da shi ba, daga awo kawai.

Ta ɗura wa katin sabon umarnin. Shiru. Can sai bututu ya yi tari, ya yi rawa, ruwa ya taso daga ƙarƙashin rairayin da kakanninmu suka yi ta haƙa da hannu.

"Ikon Allah," Kawu ya ce a hankali, ruwa na jiƙa masa takalma.

Wani makiyayi ya juya ya fara kwance kayan jakinsa.