Littafin da Malama Ni'ima Ta Kawo Daga Lolo

Ranar Talata da hantsi shugaban makaranta, Malam Badamasi, ya aika a kira Malama Ni'ima daga aji. Ita ke koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Bagudo, kuma mabuɗin ɗakin littattafai yana hannunta. Tana shiga ofis ta hangi littafi mai shuɗin bango a kan tebur.

"Kin san wanga littafi?" in ji shugaban.

"Na san shi, yallaɓai."

"Malam Labbo, uban Safina ta aji biyar, shi ya kawo shi. Ƙanen matarsa ya duba ya ce wa'azin Kiristoci ne aka lulluɓe da tatsuniya. Jibi iyaye za su zauna. Kuma magana ta shiga gari cewa Malama Rifkatu ke raba ma ɗiyan mutane shi."

Rifkatu 'yar Zuru ce, shekararta tara tana koyar da kimiyya a nan, ita kaɗai ce Kirista a cikin malamai. Ni'ima ta san ko taɓa littafin ba ta yi ba. Ita da kanta ta zaɓo shi a kasuwar Lolo, wurin wani mai shigo da tsofaffin littattafai cikin buhu daga ƙetaren Benin. Guda ashirin da uku ta ɗebo, bangonsu kawai ta duba, ta buga musu hatimin makaranta ta jera. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, sai ta tuna wata shida kacal ta yi da kama aiki.

"Ba ni shi in karanta kafin jibi," abin da ta iya cewa ke nan.

Da ta koma gida ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ta fara. Labarin wasu 'yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, a ƙasar da rana ta daina fitowa. Mayaƙan duhu sun sace ƙanwar, yayar ta bi sawu. A hanya ta haɗu da wani tsoho mai kwalekwale wanda ke ƙetarar da mutane wani kogi mai haɗiye maƙaryata. Can gaba tsohon ya ba da ransa a madadin yarinyar, bayan kwana uku ya dawo da rana a cikin kwalekwalensa. Nan Ni'ima ta ajiye littafin a cinya. Ƙanen matar Malam Labbo bai yi ƙarya ba. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne labarin ya ja ta, har tuwo ya kusa ƙonewa.

Washegari ta tarar da Rifkatu ita kaɗai a ɗakin malamai, takalmanta duk ƙasa.

"Da ƙafa kika zo?"

"'Yan kabu-kabu uku na tsayar, kowa ya kau da kai," in ji Rifkatu. "Na ce wa yarana su zauna gida yau. Ni ko kalar littafin ban sani ba."

Ni'ima ta zauna kusa da ita. "Ni na kawo shi, Malama. Daga Lolo. Ban karanta ba na jera shi a ɗakin littattafai."

Rifkatu ta juyo ta dube ta. "Tun jiya kin sani?"

"Tun jiya."

"To ba ni za ki gaya wa ba. Gobe ki gaya musu."

Lokacin tara Ni'ima ta nemi Safina. Yarinyar doguwa ce mai shiru, wadda a da ko shafi ɗaya ba ta iya kaiwa ƙarshe sai ta yi hamma.

"Kin gane abin da marubucin ke nufi da tsohon nan?"

"Tun tsakiya na gane, Malama. Addininsu ne. Ni yayar nike bi, in ga ko za ta samu ƙanwarta." Ta sunkuyar da kai. "Baba ya ce in aka tabbatar da maganar zai cire ni daga boko."

Ranar Alhamis bayan la'asar iyaye suka cika ajin da ya fi girma, wasu har daga Geza. Malam Labbo, masunci ne mai faɗin kafaɗa, ya zauna a gaba. Ba a kira Rifkatu ba. Da shugaban ya ba Ni'ima dama, sai ta miƙe ta fuskanci iyaye.

"Kafin komi, Malama Rifkatu ba ta da hannu. Ni na kawo littafin, ban karanta shi ba. Laifina ne."

Aji ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo daga baya ya ce a bar ta ta ƙarasa.

"Yanzu na karanta shi duka. Gaskiya ne Kirista ya rubuta shi don yaran Kiristoci, kuma aƙidarsu na ciki, ba a ɓoye sosai ba. Akwai babi biyu da labarin ya tsaya cak, tsoho ya zauna yana wa'azi. Akwai kuma abin da ya ɓata mini rai: duk miyagun cikinsa baƙaƙe ne masu naɗi, mutanen kirki kuwa farare. Ban so 'ya'yanmu su ga kamannin iyayensu a haka ba."

"To mi ya rage na alheri?" in ji Malam Labbo.

"Yarinyar cikin labarin ba ta yar da ƙanwarta ba. Sau ɗaya ta yi ƙarya, kuma ƙaryar ta jawo mata wahala har ta koma ta faɗi gaskiya. Babu batsa ko kaɗan. Turancinsa mai sauƙi ne. Safina ta karance shafi ɗari uku, ta kuma gane da kanta inda ya saɓa da addininta tun kafin kowa ya nuna mata."

Malam Labbo ya murza hularsa. "Ɗiyata ta ba ni labarin jiya, da na matsa mata. Mutumen ga da ya rubuta bai taɓa riƙa filafili ba. Wa ka ƙetare ruwa mai ƙarfi kai tsaye?" Wasu suka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. "Amma ki ji, Malama. Amana munka ba ku. Ba ki sa ma yaro abinci a baki ba ki ɗanɗana ba."

"Haka ne, Baba. Na yi kuskure."

An kai kusan magariba ana ja-in-ja. Wasu suka ce a ƙone littafin, limamin unguwa ya hana, ya ce a dai fitar da shi daga makaranta. Aka yanke cewa sauran ashirin da biyun ma a kulle su har sai an karanta kowanne. Safina za ta ci gaba da karatu. Ni'ima kuwa ta samu takardar gargaɗi a fayil ɗinta.

Liman ya yi maganar a masallaci ranar Juma'a, ya wanke Rifkatu. Duk da haka jita-jitar ba ta mutu da wuri ba, sai da aka yi makonni wasu mata na janye 'ya'yansu in ta wuce. Rifkatu tana amsa gaisuwar Ni'ima, amma ta daina zama kusa da ita lokacin tara. A ƙarshen zango ta nemi a mayar da ita Zuru, aka ce ta jira sai an samu mai maye gurbinta.

Ni'ima takan ɗauki littafi ɗaya daga cikin kulle kowane mako, ta karanta da biro a hannu, ta rubuta wa iyaye abin da ta gani. Tana kan na bakwai lokacin da aka yi hutu.