Motar Da Ba Ta Son Lallaɓawa

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar ƙwai daga gonar kajin Hajiya zuwa shagunan cikin gari, ban taɓa fasa ko ɗaya ba. Sannu-Sannu ake kirana, har matata in tana jin tsokana haka take cewa. Allurar gudu ba ta wuce arba'in a hannuna. Masu keke sun sha wuce ni suna ɗaga min hannu, ni kuwa ko a jikina, wai an tsikari kakkausa. Ƙwai amana ne. Ko ranar da ƙanena ya bugo waya daga asibiti ya ce in yi sauri jikin Inna ya rikice, da kiret saba'in a bayana, ban ƙara ko ɗigo a kan arba'in ɗin ba. Na isa na tarar an riga an ja mata mayafi har ka. Shekara tara ke nan, kuma duk sanda abin ya taso min sai in ce wa kaina ai ba yadda zan yi, kaya ne a mota.

Da tsohuwar a-kori-kurarmu ta gaji, Hajiya ta sayo sabuwa fil, mai shan dizal. Masu sayarwa suka ce injin sabon ƙira ne, an sake shi tun daga tushe: ba hayaƙi, ba ƙara, ga ƙarfi kamar me. Na karɓi makulli. Na yi wa motar nan gatan da ban yi wa 'ya'yan cikina ba. Kullum da safe sai na tayar da ita na bar ta rabin awa tana ɗumi kafin in taɓa giya, kamar yadda aka koya mana.

Sati na shida wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Kwana biyu bayan nan, ina tsaye a ƙofar wani shago ana sauke kaya, sai injin ya ɗaga murya shi kaɗai, ƙafata ba ta kan totur. Wani zafi da ƙauri suka taso daga ƙarƙashi. Na taɓa ganin injin dizal ya haukace haka a wani gareji, ya yi ta ihu har ya tarwatse, don haka ban tsaya shawara ba na murɗe makulli. Washegari ya sake, na sake kashe shi. Daga nan sai motar ta yi sanyi, in na taka totur ta yi kamar ba da ita nake ba.

Na kai ta wurin tsohon abokina bakanike, wanda muke kira Kunnen-Zomo. Shi ba ya kwance inji sai ya saurare shi tukuna. Ya buɗe bonet, ya tarar duk an rufe da baƙar roba, da ƙyar ya sami inda zai dafa tsinin sukudireba. Ya kafa kunne a ƙotar, ya rufe ido. Ya daɗe a haka.

"Me ya ce maka?" na tambaye shi.

"Wallahi bai ce komai ba. Ka tabbata a kunne yake?"

"Ga shi kuwa yana aiki a gabanka."

Ya sosa ƙeya. "To ni dai shekara arba'in ban taɓa haɗuwa da kurman inji ba. Amma sabon abu lallaɓawa yake so. Ka ƙara masa lokacin ɗumi, ka rage gudu."

In rage gudu! Na koma talatin, ɗumin safe ya zama awa guda. Fitila ɗaya ta zama biyu.

Sau biyu ana mayar da motar kamfani, suna gyarawa, ta yi kwana goma lafiya lau, ta koma 'yar gidan jiya. A na uku Hajiya ta kira ni ofishinta, ɗan ɗakin nan da ke jikin rumbun abincin kaji, mai taga tana kallon fili. Babban ɗanta na tsaye, yaron da na sha kaiwa makaranta yana barci a kafaɗata.

"Baba, kamfani sun ce injin ba shi da laifi," in ji shi. "Irinta ɗari suka sayar, tamu ce kaɗai ke dawowa."

"To laifin wa ke nan?"

Ya kalli uwarsa. Hajiya ta juya biro a hannunta ta ce, "Malam, ka san matsayinka a gidan nan. Gobe za su turo injiniyarsu ta bi ka ta ga yadda kake tuƙi. In aka ga motar ta fi ƙarfinka, sai ka ba wani makullin, ka dawo sito ka huta."

Sito, wato in zauna a kan benci ina kallon wani yana fita da motata. Raina ya ɓaci, amma ruɗewa ta fi ɓacin ran yawa. Da ganganci na yi, da na san abin da zan daina. Me ake dainawa a cikin lallaɓawa?

Injiniyar ta zo da hantsi, yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, da 'yar kwamfuta a hammata. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce wa ma'aikata kada a yi lodi yau. Yarinyar ta jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ta daɗe tana kallon allon, ta ɗago.

"Baba, sau goma sha bakwai injin nan ya fara wanke kansa, sau goma sha bakwai ana kashe shi. Wa ke kashewa?"

"Ni ne. Haukacewa yake yi."

"Ba hauka ba ne. Akwai wata matatar hayaƙi a cikin salansa, ita ke riƙe baƙin hayaƙin da tsofaffin motoci ke fesa wa mutane. In ta cika, sai injin ya yi zafi sosai ya ƙone dattin. In ana gudu a babbar hanya shi kaɗai yake yi, ba ka ma sani ba. Kai kuwa ba ka gudu, ga ɗumin safe da ke ƙara cika ta, in ya yi ƙoƙarin yi a tsaye kuma ka toshe masa baki."

"'Yata, tsaya in fahimta. Ɗumama injin ne ke ɓata shi?"

"Wannan dai, e."

"Tafiya a hankali ita ce cutar?"

"Ita ce."

"Maganin kuma in ci zalinsa?"

Ta yi dariya har da riƙe baki. "Ba zalunci ba ne, Baba. Hau mu je."

Muka hau babbar hanya. Allura ta kai arba'in, ƙafata ta tsaya ita kaɗai kamar jakin da ya iso ƙofar gidansu. Yarinyar ta ce in ƙara. Hamsin. Sittin. Gumi ya jiƙe min riga, bishiyoyi na ta zuwa da wuri fiye da yadda na san su. Ta ce tamanin take so, kuma in riƙe a nan. Na ce a raina in ma mutuwa ce, ta fi bencin sito. Na taka.

Motar ta miƙe kamar dama jira take. Ba rawa, ba kuka. Muka faɗa wani rami da na saba zagayewa, da ƙyar na ji shi a kujera. Bayan kusan minti ashirin fitila ɗaya ta mutu, can ta biyun ta bi ta. Yarinyar ta tafa, ta ce sau ɗaya a sati in yi haka, in kuma ya ɗaga murya a tsaye in ƙyale shi ya gama. Da muka dawo ta shiga ofis ta gaya wa Hajiya ba abin da ke damun direbanta sai yawan kirki. Na ji dariyarsu ta taga. Makulli ya tsira a aljihuna.

Na zagaya baya don in share bodi kamar kullum, na ɗage tamfol. Sai ga kiret goma sha biyu jere a can ƙurya. Ashe ma'aikata sun fara lodi kafin Hajiya ta hana, ba wanda ya tuna ya sauke. Tamanin, ga rami, ga birkin da na taka a shataletale. Na hau ina salati, na fara ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ina juya kowane ƙwai a tafin hannuna ina neman tsaga.

Ko ɗaya bai fashe ba.

Na sake bi daga farko. Na ce wa kaina ai sabuwar mota ce, ƙafafunta da laushi, da tsohuwar ce da tuni sun zama ruwa. Wataƙila haka ne. Amma ban sani ba, don ban taɓa gwadawa ba, ko sau ɗaya, ko a ranar da Inna ta rasu. Daga inda ƙanena ya same ni a waya zuwa asibiti, a tamanin, bai fi minti goma sha biyar ba. Ni na yi rabin awa. Ya ce min Inna ta yi ta kallon ƙofa.

Na sauko da ƙwai ɗaya a hannu. Ban san me nake so in gani ba, na buɗe yatsuna kawai na sake shi. Ya fashe a kan siminti, gwaiduwar ta malalo har bakin takalmina.

Hajiya ta leƙo ta taga. "Malam, lafiya? Kai ne yau da fasa ƙwai?"

Na durƙusa na fara tsince ɓawon ƙwan daga kan siminti.