Ana Kai

"Goge shi," in ji Manaja. Ya turo mata fayil ɗin da ƙarfi har ya kusa kifar da kofin shayinsa.

Dillaliyar ba ta taɓa fayil ɗin ba. Ta san abin da ke bangonsa, ai ita ta rubuta da jan biro: ranar miƙa makulli, ashirin da shida ga wata. Yau kuwa Litinin, ashirin da huɗu. Su shida ke aiki a kamfanin dillancin gidajen nan, amma ita kaɗai ke sa wa ciniki rana, shi ya sa abokan aiki suka laƙaba mata Kalanda. Da farko sunan yana ɓata mata rai, yanzu ko maigadi ya kira ta da shi amsawa take.

"Sau nawa zan faɗa miki? Mu nan ba ma yanke rana. Mai saye ya kira, ki ce ana kai. Mai sayarwa ya kira, ana kai. Shekarata goma sha takwas a sana'ar nan, ba a taɓa kai ni ƙara a kan ana kai ba."

"Yallaɓai, malamar makarantar nan da ta sayi gidan cikinta ya shiga watansa. Ta riga ta gaya wa mai gidan hayarta ran talatin za ta tashi, shi kuma har ya ba wani. A cikin ana kai ɗin za ta haihu?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a bayan kwamfuta, sai ya mayar da ita tari.

"Wa ya sa ta yi sallama da gidan haya? Bakinki. Da kin bi yadda kowa ke yi, da yanzu tana zaune lafiya a ɗakinta."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta gwammace ƙasa ta tsage da Manaja ya gani. Ta ɗauki fayil ɗin ta rungume, ta saɓa jaka, ta fita ko sallama babu.

Takardun sun maƙale ne a ofishin lauyan mai sayarwa, hawa na uku, ga lif ya lalace. Ta iso tana haki, ta tarar da sakatariya tana wasa da waya.

"Gida mai lamba tara? Ana kai."

"Wa ke kai?"

Sakatariyar ta ɗago ido. Da alama ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba.

"Na ce wa ke kai, ƙanwata? Faɗa min sunansa in je in yi masa sannu da aiki. Sati uku ke nan ana kai kamar kaza a kan ƙwai, har yau ban ji kukan ɗan tsako ba."

Ta samu benci ta zauna, ta ce ba inda za ta. Sa'a guda da rabi ta yi tana gaida duk wanda ya shigo da babbar murya, tana tambayarsa ko shi ma nasa ana kai. Da lauya ya ga za ta kore masa mutane, ya fito da kansa yana gyara tabarau. Ashe sa hannu ɗaya ne ya rage. Gidan na gado ne, mai sayarwa da wansa suka gada, wan ne bai sa hannu ba.

"Ya ƙi ne?"

"To... mun aika masa."

Ba ta bar wurin ba sai da lauyan ya ba ta takardar, ya haɗa ta da sakatariya don ta zama shaida. A tasi sakatariyar ta juya mata ƙeya har suka isa kasuwa.

Shi wan, mai gyaran keken ɗinki ne, dattijo mai furfura, rumfarsa cike da kawunan kekuna da warin mai. Ya saurare ta yana goge hannu da tsumma, sai ya saki baki.

"Mai ciki? Ran talatin? Subhanallahi! 'Yata, ni cewa aka yi in na samu lokaci in leƙo. Kin taɓa ganin mai sana'a ya samu lokaci? Da an ce min ga rana, ai da ko a kan gwiwa na je."

Ya ɗora takardar a kan murfin wani tsohon keke ya sa hannu, ya bar ɗan tabon mai a gefen takardar. Kalanda ta ji kamar ta yi kuka don haushi. Sati uku, a kan tafiyar minti ashirin.

Daga nan sai ofishin rajistar filaye, inda za a buga hatimi. Layi ya kai har matattakala. Da ta isa taga, ma'aikacin ya karɓi takardun ya ɗora a kan tuli.

"Kwana huɗu na aiki."

"Jibi nake so, don Allah."

"Duk waɗannan ma jibi suke so."

Ta roƙa, ta yi faɗa, ta nemi ganin shugabansa aka ce yana taro. Kwana huɗun bai motsa ba. Ta ƙirga da yatsu: Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Ranar da ta yanke ta riga ta kuɓuce. In kuma Juma'ar ta kuɓuce, sai Litinin, lokacin katifar Malama tana kan titi.

"To rubuta min ranar a kan rasit."

"Hajiya, kada ki damu, ana..."

"Kada ka ƙarasa. Rubuta."

Ya harare ta, ta harare shi. Na bayanta suka fara gunaguni. Ya ja tsaki ya rubuta ashirin da takwas, ya sa hannu.

Wajen ƙarfe huɗu ta koma kamfani, ƙafafunta sun yi futu-futu. Manaja ya ji labari, fuskarsa ta washe.

"Kin gani? Kin yanke rana, rana ta yanke ki. Yanzu sai ki goge, ki bar ni in lallashe ta."

Ta buɗe jan bironta. Ta ja layi ɗaya siriri a kan ashirin da shida, yadda duk mai ido zai iya karanta abin da ta yi kuskure, ta rubuta ashirin da takwas a ƙasa.

"Wata ranar kuma? Ke ba kya jin magana? Wallahi in wannan ta wuce, ki ajiye min makullin ofis ki kama gabanki."

"Na ji, Yallaɓai."

A gabansa ta kira Malama, ta saki lasifikar wayar. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ranar Laraba ba za ta yiwu ba, laifinta ne da ba ta bi sawun takardun tun da wuri ba, sai Juma'a.

Ta cikin wayar ana jin hayaniyar yara suna tashi daga makaranta.

"Anti, na fa ɗaure kaya. Ko tukunyar girki na sa a kwali," in ji Malama. "Wannan karon tabbas ne?"

Manaja ya shiga yi mata alama da hannu, yana motsa leɓe da kalmomin nan biyu nasa. Kalanda ta juya masa baya.

"Tabbas na Allah ne, Malama. Abin da na sani, ran Juma'a da ƙarfe uku ina tsaye a ƙofar gidan. In da makulli, in miƙa miki. In babu, ga ni ga ki, ki zage ni ido da ido, sannan ki sa a kai kayan gidana, ɗakina ya ishe mu."

Malama ta ja dogon numfashi.

"To bari in kira mai mota in ce masa Juma'a. Ƙarfe uku kika ce?"

"Ƙarfe uku."